Tambarin da Baba Ya Ajiye

Kwana uku da rasuwar Baba, kujerun roba da muka aro daga coci suka kasa ɗaukar masu ta'aziyya, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a gindin gwaiba. Matan zumunta sun zo da zanensu iri ɗaya, suka yi waƙa, suka ce wa Mama ta yi haƙuri, mijinta ya tafi gida ya huta. Dattawan ikilisiya suka ce ginshiƙi ya faɗi. Fasto ya ce a duk Kafanchan bai taɓa ganin mutum mai sanyin hali irinsa ba. Ni ina ta raba kunu ina jin su, raina na ɓaci, domin mutumin da suke kwatantawa ban san shi ba. Baban da ya haife ni ba shi da sanyin hali ko kaɗan.

Gwaggo ce, ƙanwarsa, ta faɗi abin da ke raina. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ɗan'uwana mai taurin kai ne. Ku bar yi mashi ƙarya, shi bai yi ma kowa ba." Aka yi ƴar dariya ta kunya.

Da hantsi sai ga tsofaffin da ke kawo wa Baba gyaran keke. Ba su hau kekunansu ba, turo su suka yi, don yawancinsu gwiwa ta ƙi. Baƙaƙen kekuna ne na da, masu nauyi, masu sirdin fata, kowanne ya taɓa kwana a rumfar Baba. Suka jera su a jikin katangarmu kafin su shigo gaisuwa. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, sannan ya share fuska da hularsa. Mama, wadda tun ranar farko ba a ga hawayenta ba, a nan ta fashe da kuka.

Na ƙarshen zuwa wani tsohon Bafulatani ne daga wajen Godogodo, abokin Baba. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a bakin tabarma da sandarsa a cinya. Ya yi gaisuwa yadda ake yi. Can ya dubi yayana ya ce, "Ya gama keken?"

Na ɗauki tire na shige kicin, na tsaya a bayan ƙofa. Tambayar nan ce ta sa nake wannan rubutu, domin ni na fi kowa sanin dalilin da ya sa bai gama ba.

Baba mai gyaran keke ne. Rumfarsa ta kwano tana gefen hanyar da ke gangarawa tashar jirgin ƙasa, manne da gidanmu, kuma a cikinta ya tsufa. Idan aka kawo masa keke ba ya kallon mai shi. Sai ya ɗaga ƙafar baya, ya juya feda, ya kara kunne yana sauraron sarƙa, sannan ya ɗago ya ce ina kwana. Mutane da yawa sun ji haushin wannan. Mama takan tsokane shi cewa da ita ma tana da sarƙa da ya riƙa sauraronta, shi kuma ya ce ai ita ba ta bukatar a kara kunne, daga kasuwa ana jin ta.

Faci da ɗaurin birki kowane mai gyara ya iya. Abin da ya sa ake zuwa wurin Baba daga Fadan Kagoma da ƙauyukan bayanta shi ne mayar da tsohon keke sabo. Zai kwance shi kaf, ya kankare tsatsa, ya yi baƙin fenti shafi uku, ya ja siririn layin zinariya da hannu a jikin madigadi ba tare da ya dafa komai ba. Sai aikin ƙarshe, wanda shi ne abin alfaharinsa: tambari.

Tambarin nan ba irin sitikar yanzu ba ce da ake ɓarewa a manna. Wata ƴar takarda ce mai tsawon tafin hannu, a kanta akwai hoton tsuntsu mai dogon wuya da sunan keken da ruwan zinariya. Ana tsoma ta a ruwan ɗumi, sai hoton ya saki takardar, a zame shi a hankali zuwa jikin ƙarfe, ya zauna kamar a can aka haife shi. A zamanin da kekunan ke zuwa cikin akwatunan katako ta jirgin ƙasa, akan haɗo su da rarar tamburan, Baba kuwa ya riƙa tara su yana ɓoyewa tsakanin shafukan tsohon littafin waƙarsa na coci. Ranar sa tambari rufe ƙofar rumfa yake yi don kada iska ta shiga. Mama ce ke kai masa ruwan, bayan ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu kamar na wankan jariri. Mu yara mukan leƙa ta ɓular kwano. Abin da na gani ke nan, kuma na girma ina ɗauka na san aikin, alhali wurin da ya fi kyan kallo kawai na gani.

Yana da magana guda da duk wanda ya san shi ya haddace: "Ba na yi ma keke ƙarya." Kowane keke da nasa tambarin, kuma ba ya sa wa wani na wani. Na tuna wani mai sayen citta, mutum mai ƙiba da agogo a hannu, da ya kawo sabon keke mara nauyi, irin wanda ba ya shekara biyu, ya ce a yi masa baƙin fenti a sa masa tsuntsun nan. Kowa ya gane so yake ya kai ƙauye ya sayar a matsayin na da. Ya yi lallashi, ya yi barazana, har ya tuna wa Baba cewa cocinsu ɗaya. Baba ya ce to tunda cocinsu ɗaya, ya je ya tambayi Fasto, in ya yarda sai su dawo tare. Mutumin ya tura kekensa ya tafi, kuma shekara da shekaru ba ya gaishe mu. A lokacin gidanmu ba shi da ko gwangwanin acca, kuma Mama ba ta ɓoye masa ra'ayinta ba. Ya ci tuwonsa ba miya mai kirki, ya koma rumfa.

Sai mashin ya zo. Ban san ranar da abin ya juya ba, na dai farga hanyarmu ta cika da ƴan acaba, samari kuma suna jin kunyar a gan su a kan keke. Rumfunan gyara suka koma na mashin ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya roƙi Baba ya koyi gyaran inji, ya ce shi ba ya taɓa abin da ke ihu. Ya zauna da tsofaffinsa, suna raguwa, tamburan littafin ma suna raguwa.

Ya nema, kada a ce bai nema ba. Ya je Jos, ya je Zariya, ya je Kaduna, yana bin tsofaffin shagunan kayan keke. Inda ya sami shagon, mai shi ya mutu, ƴaƴan suna sayar da waya. Wani ya ce masa sun share irin takardun nan sun ƙona da shara, ba su san abin amfani ba ne. Baba ya dawo daga wannan tafiyar bai samo ko ɗaya ba. Daga baya ya koma sayen matattun kekuna, ba don gyara ba, don kawai ya ɗora farar takarda a kan ragowar tambarinsu ya kwafi zanen da fensir. Yayana ya taɓa nuna masa a waya cewa a ƙasashen waje akwai masu buga sababbi irin na da. Ya sa tabarau, ya matso da wayar har hancinsa, ya ce wuyan tsuntsun ya yi kauri, zinariyar kuma ta yi kalar manja. Ya miƙa masa abarsa.

Da tamburan suka rage saura biyu, sai matar wani mai bishara da ya rasu ta turo keken mijinta. Ba hawa za ta yi ba, so take ta ajiye wa jikokinta. Mun ce masa ya yi fenti kawai, ba za ta san bambanci ba. Ya ce ita ba za ta sani ba, amma keken ya yi shekara talatin yana kai bishara cikin taɓo, ba za a sallame shi tsirara ba. Ya sa masa ɗaya, kuma bai karɓi komai a hannunta ba. Saura ɗaya tak, kuma kowa a gidan ya san ba ta sayarwa ba ce, ko da yake ba mu san wa yake ajiye wa ba.

Ashe nasa keken yake jira.

A kan wannan keken ya ɗauko Mama daga Fadan Kagoma ranar aurensu, tana zaune a kariyar baya da akwatinta a cinya. A kansa aka kai ni asibiti ina jaririya. Shekarar da na sami shiga kwalejin malamai a Gidan Waya sai keken ya ɓace daga gida, Baba ya ce mana ya gaji da shi ne. Na yarda, don ina da shekarun da mutum ke yarda da duk abin da ya yi masa daɗi. Sai bayan na fara koyarwa Gwaggo ta faɗa mini a cikin faɗa, wata rana da na ɗaga wa Baba murya. Ta ce in riƙa tunawa da keken wa na yi karatu.

Shekaru sun wuce har gashinsa ya yi fari, sannan ya gan shi. Ya je jana'iza Godogodo, ya hangi wani keke jingine a bishiya, ɗaure da jarkokin nono, babu fenti, babu madigadi, sirdin an naɗe shi da tsumma. Ya gane shi da wata walda da ya yi da hannunsa a ƙarƙashin sirdi. Mai keken shi ne tsohon Bafulatanin nan. Baba ya ba shi labari a tsaye, bai roƙe shi ba, ya ce dai ya ji daɗi da ya ga yana nan da rai. Lokacin kuwa zaman yankin ba daɗi, mutanenmu da nasu ba sa shiga unguwar juna sai dole. Bayan mako biyu sai ga tsohon a ƙofar rumfa, ya ɗoro keken a motar kasuwa. Ya ce ɗansa ya sayi mashin, shi ke kai nono yanzu, kuma abin da aka ɗauko amarya da shi bai kamata ya mutu a hannun baƙo ba. Tun daga nan duk ranar kasuwa yakan biyo ya zauna a bencin Baba, su biyu suna kallon hanya, Hausar kowannensu da karkacewarta.

Shekara biyu Baba yana aikin keken nan. Ya nemo sirdin fata, ya nemo ƙararrawa, ya yi fenti, ya ja layin zinariya. Layin ne ya tona masa asiri: ya fito a karkace. Ya goge ya sake, ya goge ya sake, har ya samu ya miƙe, amma ya gane hannunsa ya fara rawa. Layi ana iya gogewa. Tambari kuwa sau ɗaya ake zame shi, kuma guda ɗaya ya rage.

Ya aiko a kira ni. Ba yayana ba, ni. Ya ce wa Mama hannuna ne irin nasa, tun ina ƙarama ya ga yadda nake saka zare a allura. Ina koyarwa a Gidan Waya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Da saƙon ya iso ni sai na ga na samu hanyar burge shi. Na sa yayana ya turo mini hoton zanen da Baba ya kwafa, na kai wa wani mai buga takardu da kwamfuta kusa da kwaleji, ya gyara, ya buga mini sitika goma masu sheƙi, waɗanda ruwa ba ya ci. Na zo ranar Asabar ina taƙama, na baza su a kan bencinsa. Na ce ga shi, wahala ta ƙare, in ɗaya ta lalace ga tara.

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya murza da yatsa. Ya ce, "Wannan leda ne."

Na ce leda ce mai kyau, ta ma fi tasa ƙarko.

"Ba nashi ba ne," ya ce. "Na kira ki ki sa mashi nashi. Zauna in nuna maki. Takardan nan ya tsufa kaman ni, akwai yadda ake bi da shi."

Ban zauna ba. Halin nan namu iri ɗaya ne, shi ya sa ba mu taɓa daɗewa a ɗaki ɗaya ba. Na ji kamar ya watsa mini ruwa a fuska bayan duk zirga-zirgar da na yi, sai bakina ya kuɓuce. Na ce masa babu mai kallon keke yanzu, ballantana tsuntsun da ke jikinsa. Na ce duniya ta wuce shi ya ƙi gani. Na ce taurin kansa ne ya sa muka tashi cikin babu, yana riƙe da gaskiyar ƙarfe mu muna kwana da yunwa. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi damuna har yau, don na faɗe ta ne a tsaye kusa da keken da aka sayar saboda ni.

Bai rama ba. Mutum ne kuwa da ke iya musu da Fasto har rana ta faɗi. Ya tattara sitikun, ya daidaita bakinsu, ya miƙo mini da hannu biyu saboda rawar. Na karɓa na jefa a jaka na fita, ko sallama ban yi wa Mama ba.

Wata uku ban taka gidan ba. Mama takan kira ta ce Babanki yana tambaya, in ce muna jarrabawa, in ce ina duba takardun ɗalibai, in ce sai hutu. Jira nake ya fara saukowa. Ranar wata Talata da safe ya sha kununsa, ya fita rumfa, ya zauna a benci ya jingina da bango. Da Mama ta je ɗaukar kofi ta same shi a haka, idonsa a rufe, keken na gabansa lulluɓe da tsohon zaninta.

A wajenmu idan dattijo mai sana'a ya rasu, akan sa abin sana'arsa ya shige gaban akwatin gawa zuwa kabari. Manomi fartanyarsa, maharbi bakansa. Da dangi suka zauna shirya jana'iza, Gwaggo ta ce keken ne zai ja gaba, ba a yi musu ba. Yayana ya tuna da maganar tsohon Bafulatanin, ya ce tunda sitikuna suna nan a manna ɗaya, ba wanda zai gane. Na ce a'a. Na ce ni Baba ya kira, ni zan sa masa na gaskiya. Na faɗa da ƙarfi a gaban kowa, kuma na ji daɗin yadda aka dube ni. Ina ganin ta haka zan biya abin da na yi, a rufe maganar.

Gawa na asibiti, an sa jana'iza sai an jira dangin nesa. Kwana takwas littafin waƙar yana hannuna. Kullum in buɗe in kalli tsuntsun in rufe, ina cewa gobe. Sai ana gobe jana'iza, da safe, na shiga rumfa na rufe ƙofa yadda yake yi. Na dafa ruwa da kaina, na gwada da gwiwar hannu. Mama tana tsakar gida cikin mata, ban kira ta ba. Na ce wa kaina kada in dame ta tana cikin makoki. Gaskiyar ita ce ban taɓa lissafa ta cikin waɗanda suka san aikin ba. A ganina ita mai kawo ruwa ce.

Bencin a cike yake da tarkace. Na ture wani ƙaramin gwangwani da wani burushi gefe, na ajiye kwanon. Na goge jikin keken, na yi addu'a, na ɗauki takardar da yatsu biyu na sa a ruwa.

Da farko ta nannaɗe, yadda na saba gani ta ɓular kwano, sannan ta buɗe. Na ji sanyi a raina. Sai na ga wani siririn layi ya ratsa wuyan tsuntsun. Wani ya ratsa fiffike. Na sa yatsa don in taro shi, sai ya watse gaba ɗaya. Haruffan suka rabu da juna, suka farfashe, suka koma ƴan ɓarɓashi suna yawo a saman ruwa kamar an barbaɗa garin yaji a miya. Na ciro takardar fara fat. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Ban san sautin da na yi ba, amma ya kai tsakar gida. Mama ta turo ƙofa ta shigo, ta mayar ta rufe. Ta dubi kwanon, ta dubi hannuna.

"Kin shafa mashi banish?" ta ce.

Na ce wane banish.

Ta miƙa hannu ta ɗauko gwangwanin da na ture. Man ƙyallin nan ne da kafintoci ke shafa wa katako. Ta ce idan tambari ya tsufa yakan bushe ya tsattsage, ido ba ya gani. Sai an shafa masa banish siriri a kan takardarsa, a bari ya bushe, a sake shafawa, a ba shi kwana biyu, shi ne ke riƙe shi idan ya shiga ruwa. Ta ce na matar mai bishara ma haka suka yi, ita ta danne masa bakin takardar yana shafawa. Tana maganar a hankali, ba faɗa, kamar tana koya mini dahuwar wani abinci. Sannan ta ajiye gwangwanin ta ce, "Ina nan tsakar gida fa. Kwana takwas ina nan."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a ƙasan rumfar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce ya mutu. Ba ta rarrashe ni ba. Ta kwance ɗankwalinta, ta shimfiɗa a bakin wani kwano, ta tace ruwan a hankali, ta ninke ɗankwalin da ɓarɓashin a ciki ta sa a ƙugunta.

Yayana ya sake kawo maganar sitika da ya ji abin da ya faru. Suna cikin jakata har lokacin, ban taɓa cire su ba. Ya ce mutane za su zo daga ko'ina, kada a ga keken haka. Na ƙi. Abu ɗaya ke nan da na yi wa Baba biyayya a kansa, shi ma sai da na fara lalata wanda ya fi.

Washegari aka turo keken a gaban akwatin, daga coci har maƙabarta. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi taɓo, yayana yana ɗaga shi a wuraren da ruwa ya kwanta. Tsofaffin nan suka biyo baya da nasu, kowanne da tsuntsunsa a jiki, wani ya koɗe, wani ya kankare, amma yana nan. Na Baba kaɗai ne ba shi da suna. Mutane suna ta yabawa, wai kamar yau aka fito da shi daga akwati. Na ji wata mata tana cewa ai ya gama aikinsa kafin Ubangiji ya kira shi, wasu suka ce amin.

Tsohon Bafulatanin bai shiga cikin taron ba, ya tsaya nesa kaɗan har aka rufe kabari. Da aka fara watsewa ya matso wurin keken. Ya shafa sirdin, ya taɓa waldar nan, sannan ya ɗora yatsa a wurin da tambarin ya kamata ya zauna. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Bai samu ya sa ba."

Na ce wa tsohon, "Baba, ni ce. Ya kira ni ban zo ba."

Ya dube ni. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha. Bai ƙara zuwa ranar kasuwa ba, ba shi da wanda zai zauna da shi.

An rufe rumfar. Tsofaffin kekunan da suka rage, idan suka lalace, ban san inda za a kai su ba, kuma masu su ma ba su da sauran nisa. Na tambaya a Jos, na tambaya a Zariya, wuraren da Baba ya riga ya bi, na ji abin da ya ji. Keken yana ɗakin Mama, lulluɓe da zanin nan. Ƴata ta taɓa ɗaga zanin ta tambaye ni wane iri ne, na faɗa mata sunan, ta duba ko'ina a jikinsa ta ce ita ba ta ga an rubuta ba.

Na rubuta wannan don kada a tuna Baba a matsayin mai sanyin hali. Mutum ne mai wuyar sha'ani wanda ya ƙi yin ƙarya ko ga ƙarfe, ya sayar da abin da ya fi so ya ce gajiya ya yi da shi, kuma sau ɗaya a rayuwarsa ya roƙe ni abu. Na rubuta yadda ake aikin ma, filla-filla, ko da yake babu sauran takardar da za a yi shi a kanta. Ba na jin an yafe mini, kuma ban roƙa ba, don wanda zan roƙa ba ya nan.

Ranar da muke kwashe kayan rumfar na sake cin karo da burushin da na ture. Sai lokacin na kula sabo ne, ƙarami, gashinsa laushi, ko ledarsa ba a cire ba. Baba bai taɓa sayen sabon burushi ba a sanina, da tsofaffinsa yake aiki har su ƙare. Na tambayi Mama na mene ne. Tana ninke tsummokaransa, ba ta ɗago ba.

"Naki ne," ta ce. "Washegarin faɗanku ya je ya saya. Ya ce nashi sun yi maki kauri. Kullum da safe sai ya fito da shi ya ajiye a kan benci, wai ko yau ne."